Shekarar da Na Kai wa Coci Buɗa-baki

Akwai wata tukunyar alminiyon a saman kabad ɗin ɗakina, mai hannu ɗaya a lanƙwashe, wadda Fa'iza ta sha ƙoƙarin miƙa wa 'yan gwangwan ina hana ta. Akwai kuma wata magana da ta daɗe tana yawo a dangin babanku, wai lokacin da muke Masar uwarku ta shiga coci. Na san kun ji ta, don ranar sunan ɗan Mus'ab na ga yadda fuskokinku suka canza da gwaggonku ta sako ta cikin raha. To tukunyar nan da maganar nan tushensu ɗaya ne, kuma tunda Husna za ta tafi Alƙahira karatu, gara ku ji daga bakina tun ina da bakin. Na shiga harabar coci, wannan gaskiya ne, kuma ba sau ɗaya ba. Abin da ya kai ni da abin da na fito da shi ne ba a gaya muku ba.

A unguwar Arba wa Nus ta Alƙahira muke zaune a lokacin, can saman wani bene da ba a gama shafe shi ba, babanku yana shekararsa ta ƙarshe a jami'a. Fa'iza ta shiga firamare, Mus'ab yana yawo ba wando, Husna tana ciki. Shekarun nan ne garin ya ƙi zama wuri ɗaya, yau zanga-zanga, gobe layin gas, jibi a wayi gari burodi ya ƙanƙance. Ana cikin haka kuɗin tallafin karatu da ake aiko wa Malam, wato babanku, daga gida ya tsaya cak. Aka ce wata mai zuwa, watan ya zo ya wuce, aka sake cewa mai zuwa. Muka daina sayen nama, muka koma tsimin mai, har ta kai ina dafa taliya da gishiri da albasa in ce wa yara ai haka Misirawa suke cin tasu. Ranar da Malam ya ce mini ya ƙoshi tun ban sauke tukunya ba, ranar na tabbata yunwa ta shigo gidan.

Yaya Bala, babban wana da ke kasuwanci a Funtuwa, ya samu labari ya kira. Ya ce shi ba zai aiko da abin da za a cinye a kan karatun da ya ƙi ƙarewa ba, amma zai saya mana tikiti ni da yara mu dawo gida, Malam ya ƙarasa shi kaɗai. Malam ya yi ta juya maganar, daga baya ya ce ya amince. Ni kuwa ban amince ba ko kaɗan. Na san mijina. In muka tafi, ba zai daɗe ba zai tattara littattafansa ya biyo mu, duk sanyin da muka sha da kewar gida su tashi a banza. Kuma ba na son in sauka gidan ubana da ciki da yara biyu mata na zuwa suna yi mini sannu. So nake mu koma tare kamar yadda muka zo, da takardarsa a hannu.

A hawan da ke ƙarƙashinmu akwai Hajja Sitana, Bahaushiyar Sudan, wadda kakanninta suka tashi daga ƙasar Haɗeja da niyyar Makka suka tsaya a hanya. Aikin wanki da goge-goge take yi a wani gida a unguwar Dokki. Ita ta hau wata safiya ta same ni ina kankare gindin tukunya, ta dube ni ta dubi tukunyar.

"Ke 'yata, ba ki da labari ne? Kanisar nan, cocin ƙarshen layi, suna ba da kati. Ba ruwansu da addininki, mutum nawa ne a gidanki kawai suke tambaya. Ki shiga kanti ki ɗauki abin da ranki ke so, ki miƙa kati, khalas, ki fito kamar kowa."

Ta ce da can kwali suke rabawa, cike da taliya da mai da gwangwanaye. Sai suka lura mutane suna jin kunyar ratsa unguwa da kwalin coci a ka, kuma abin da ke ciki ba kowa ya saba cinsa ba, wasu ma sayarwa suke yi a karyar da shi. Shi ne suka shirya da babban kantin bakin titi. Ana ba ka kati, in ya ƙare ka mayar musu su sake cika shi. Tana magana ni tuni na fara ganin shinkafa da mai a idona. Malam yana dawowa ban bari ya ajiye jaka ba na zayyana masa.

"Bara ce," in ji shi. "Ni ba cocin ne damuwata ba, Maman Fa'iza. Haƙƙin maƙwabci bai tambayi addini ba, duk littattafan nan sun faɗa. Miƙa hannun ne ba zan iya ba."

"To in ba miƙa hannu ba ne fa? In ciyayya ce?"

Ku da kuka tashi a gidajen da kowa ke kulle get ba ku san ciyayya sosai ba. A gidanmu na Funtuwa, kullum Inna ta sauke tuwo sai ta zuba a kwano a kai maƙwabta, su ma nasu ya shigo. Akwai gidan mai kuɗi a cikinsu, akwai gidan da miyarsu ruwa ce da gishiri, amma ba wanda ya taɓa kiran wani mabaraci, saboda kwano ba ya komawa wayam. Ko gyaɗa ce tafi guda sai an jefa a ciki. Na ce wa Malam ai katin nan ma kwano ne, tunda mayar da shi ake yi, ni kuwa ba zan mayar da shi hannu rabbana ba. Ya shafa gemu, irin shafar da yake yi in ɗalibi ya kawo hujjar da bai shirya mata ba.

"Na ji," in ji shi. "Ki karɓa, ki dafa, ki kai musu. In suka karɓi kwanonki, maƙwabta ne, ki ci gaba. In suka mayar miki da shi, to su masu sadaka ne mu mabarata. Ki ba su katinsu, ni kuma in kira Yaya Bala."

Washegari Hajja Sitana ta raka ni. Ba zan ɓoye muku ba, sai da na ja na tsaya a bakin get ɗin nan, ga ɗan sanda zaune, ga ƙamshin turaren da ban saba da shi ba. Amma ba ɗakin ibadarsu muka shiga ba, wani ɗaki ne a gefe mai kujerun roba. Matar da ke kula da katin sunanta Umm Mina, gajeriya mai jiki, baƙaƙen kaya, tabarau rataye a wuya, da ɗan zanen gicciye a wuyan hannunta. Muryarta kuwa ko daga bakin titi za ka ji ta. Ta tambaye ni mu nawa ne a gida, na ce huɗu. Ta sa tabarau ta dubi cikina, ta ce biyar, kada in ƙara yi mata ƙarya a kan ɗan da bai iya kare kansa ba. Ta miƙo mini wani shuɗin kati da bai fi tafin hannun Mus'ab ba.

Kai, ranar kantin nan! Na sa Mus'ab a cikin keken kaya, Fa'iza tana turawa, muna bin layi layi kamar waɗanda suka zo kallo. Na ɗauki shinkafa, na ɗauki mai, sukari, ganyen shayi, madara, tumatir, wake, gyaɗa. Duk abin da na jefa sai Fa'iza ta dube ni ta ce, Umma har wannan? In ce har shi. Da muka zo wurin biya sai na tsaya ina jira a ce wani abu, a kira wani, a dube ni. Yarinyar da ke kan na'ura ta goga katin tana taunar cingam, ko ɗago kai ba ta yi ba. Wallahi ban taɓa jin daɗin rashin kulawar mutum irin na ranar ba.

Tun a hanyar zuwa coci Hajja Sitana ta faɗa mini wata magana da ta zauna a kaina. Ta ce mutanen nan azumi suke yi, babban azuminsu mai tsawo na kafin sallarsu. Ni kuwa da jin azumi na ce shi ke nan, Allah ya kawo mini hanya. Wa zai mayar da kwanon buɗa-baki? Don haka kafin mu bar kantin na koma na ɗauko kaji biyu manya, da ƙwai, da man shanu na gwangwani, da dabino. Na san na yi wa katin babban giɓi, amma na ce wannan kwano shi zai yanke mana zama ko tafiya, ba abin da zan yi masa ƙwauro.

Na wuni a kicin. Na soya kajin nan da man shanu har suka yi ja, na yi musu miyar albasa da attaruhu, na dafa shinkafa da romon, na jera dafaffen ƙwai a sama, na ƙulle dabino a leda na ɗora a gefe. Duk na zuba a babbar samirata mai furanni, wadda Inna ta sa mini a kayan aure. Ƙamshi ya cika benen har ƙasa. Ku biyu kuna tsaye bakin ƙofa kuna haɗiyar yawu, na ba ku wuya da ƙafafu na ce ku yi haƙuri. Na yi wanka, na sa atamfata ta fita unguwa, na ɗaure samira da ɗankwali. Ana dab da kiran magariba na kama hanya ni kaɗai, don Hajja Sitana ba ta dawo daga Dokki ba. Ina tafe ina murmushi, har ina tsara yadda zan ba Malam labari.

Na samu Umm Mina da wasu mata suna tattara kujeru. Na dire samira a kan teburi, na ajiye katin a kan murfi, na haɗa ɗan Larabcin kasuwa da na iya na ce musu a sha ruwa lafiya. Umm Mina ta kwance ɗankwali ta buɗe. Tururi ya tashi. Ta lumshe ido ta ja numfashi, sauran matan suka matso suna leƙe, wata har ta dafe ƙirji. Sai na ga ta mayar da murfi a hankali ta turo mini samirar.

"Ma'alish, habibti, ki yi haƙuri. Ba za mu iya ci ba."

Kun san halina, ba sai an faɗa muku ba. Jini ya hau mini ka. Na ce a raina, wato abincin baƙar fata ne ba sa ci, ko na Musulmi? Su ba ni in ci, ni in ba su su ƙi? Na ɗauki katin na buga shi a kan teburi, na suri samirata na fita ina huci, hawaye yana zuba, ina faɗa musu maganganu da Hausa waɗanda na gode Allah ba su ji ba. Ban kai get ba na ji takun silifa a bayana. Umm Mina ce take gudu da jikin nan nata, tana kiran ya bint, ya bint, wato ke yarinya. Ta kama hannuna ta ja ni, ba tare da neman izini ba, har wani ƙaramin kicin a bayan ginin. Ta shiga buɗe tukwane tana nuna mini, wannan wake ne, wannan adas, ƙananan waken nan nasu, wannan dankali da mai. Tana zuba Larabci da sauri ba na kamawa. Da ta ga haka sai ta sa yatsu biyu a ka ta yi kukan saniya, ta girgiza kai. Ta kaɗa gwiwar hannu ta yi kukan kaza, ta girgiza kai. Ta tsuguna kamar kaza za ta saka ƙwai, ta girgiza kai.

Ina cikin kuka dariya ta ƙwace mini. Ashe azuminsu ba irin namu ba ne. Su duk abin da ya fito daga jikin dabba ne suke bari, nama da ƙwai da madara da man shanu, har sai ranar sallarsu. Abincin da ba shi da ko ɗaya daga ciki suna ce masa siyami. Ni kuwa baiwar Allah na tattara duk abin da suka haramta wa kansu, na jera shi a kwano ɗaya, na yi wanka na kai musu da magariba. Dabinon kaɗai Umm Mina ta zare. Ta cusa mini katin a hannu ta ce yalla, in kai wa yarana kaji.

Ku kun yi sallah a daren nan, Mus'ab har da rawa da cinyar kaza a hannu. Malam kuwa da ya ga samira ta dawo cike, sai ya ɗauko wayarsa zai kira Yaya Bala. Na riƙe masa hannu.

"Malam, ba kwanona suka ƙi ba, kaza suka ƙi. Ka ba ni zuwa Juma'a."

Na kwaikwaya masa kukan saniyar Umm Mina. Ya yi iya ƙoƙarinsa ya daure, amma sai da gemunsa ya motsa. Ya ce zuwa Juma'a, daga nan ba ƙari.

Na kwana ina lissafa abincinmu da ba ruwansa da dabba, sai na ga ashe mu Hausawa mun daɗe muna cin siyami ba mu sani ba. Ɗanwake, kwaɗo, alale, ƙosai, kunun gyaɗa. Na tsaya a kan ƙosai. Waken nan namu fari mai baƙin ido yana nan a Masar, lubiya suke ce masa, amma ba abin da suka iya yi da shi sai dafawa da tumatir. Na jiƙa shi, ni da Hajja Sitana muka surfe muka wanke, muka niƙa a injinta da albasa da attaruhu, na buga ƙullun har hannuna ya ƙage. Na dama kunun gyaɗa da tsamiya. Hajja Sitana ta tambayo mana lokacin da suke cin abinci, aka ce bayan sun fito ibadar rana. Kuma tunda ƙosai ba ya son sanyi, na ce ba zan soya a gida ba. Ƙullun na zuba a samira, muka ɗauki mai da yaji muka nufi coci.

Umm Mina ta leƙa samira ta ga farin ƙullu, ta dube ni da alamar tambaya. Na ce siyami. Ta ce a rantse. Na rantse. Ta kunna mini murhunsu a bakin ƙofar kicin, ta ba ni kasko. Ina fara sakin ƙullu a mai, ƙosan nan suka taso suka kumbura suka yi ja, daidai lokacin mutane suka fara fitowa. Umm Mina ta ɗauki na farko tana hura shi tana juya shi daga hannu zuwa hannu, ta gatsa, ta tsaya. Sai ta ƙwala kira tana kiran matan nan ɗaya bayan ɗaya da sunayensu. Kafin ka ce me an kewaye ni. Ina kwashewa ana ɗaukewa, ko faranti ba ya kaiwa. Tsofaffi suna gardama ko ya fi ta'amiya, wato nasu irin ƙosan, wata tana rantsuwa akwai ƙwai a ciki don ba yadda wake zai yi laushi haka, Hajja Sitana tana fassara tana ƙara nata gishirin. Limaminsu, wanda suke kira Abuna, dogo mai farin gemu, ya zo ya ɗauki ɗaya ya dangwala shi cikin yaji har rabi kafin in hana shi. Ya yi tari, ya yi hawaye, aka ruga aka kawo masa kunu, yana shanyewa ya miƙo hannu a ƙara masa ƙosai. Ni ina tsaye cikin hayaƙi da ciki a gaba, gumi yana zuba, ina dariya har haƙarƙarina yana ciwo. Tunda na zo ƙasar nan ban taɓa jin ni mutum ce a cikin mutane irin ranar ba.

Da ƙullu ya ƙare na miƙa hannu zan ɗauki samirata, Umm Mina ta riga ni. Ta rungume ta a ƙirji ta ce in bar ta tukuna. Ban gane dalili ba, amma farin ciki bai bar ni na yi musu ba. Na hau benen nan da gudu kamar ba mai ciki ba, na faɗa wa Malam sun ci, sun cinye, har limaminsu ya nemi ƙari.

"Ina samirar?" in ji shi.

"Sun riƙe."

"To ai magana ba ta ƙare ba. Mai ba da sadaka ma yana iya ɗanɗana abincinki don kada ya ba ki kunya. Ke kika ce ciyayya, kuma a ciyayya kwano dawowa yake yi."

Da ina da abin jifa a hannu da na jefe shi. Ya kira gida a kan maganar tafiya, amma ya yarda in ci gaba da amfani da katin kafin Yaya Bala ya gama shirin tikiti, kuma Yaya Bala ya ce sai ƙarshen wata. Makonnin nan sun yi mini tsawo. Duk lokacin da na je a cika kati sai in kai ɗan wani abu a leda, Umm Mina ta karɓa ta yi ta hira, amma ko sau ɗaya ba ta ambaci samira ba, ni kuma kunya ta hana ni tambaya. A cikin makonnin ne kuma na biya kuɗin abin da na zaɓa. Maman Huzaifa, matar wani ɗalibi ɗan'uwan Malam, aminiyata da muke ciyayya tun zuwanmu, ta ji labarin ƙosan coci. Daga ranar kwanonta bai ƙara hawowa benenmu ba, nawa kuma da na aika aka ce ba ta nan. Daga bakinta maganar ta isa gida, ta isa a yadda kuka ji ta. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai, kuma har yau in na tuna yana yi.

Wata Lahadi da hantsi, tun daren jiya muna jin ƙararrawar coci, aka ƙwanƙwasa ƙofa. Malam ne ya buɗe. Umm Mina ce tsaye tana haki saboda matakala, ta yi ado da jar riga, bayanta ga ɗanta Mina, wani ƙaton direban bas, riƙe da samirata an ɗaure ta da ɗankwalina. Ta wuce Malam kamar gidanta, ta dire a tsakar ɗaki ta buɗe. Fatta ce, abincin sallarsu, burodi da shinkafa da romo da tafarnuwa, an lulluɓe saman da nama har ba a ganin shinkafar. Hajja Sitana ta ji hayaniya ta hau, ita ta fassara mana.

"Ta ce wai kin ɗauka ku kaɗai kuka san ba a mayar da kwano wayam? Ta ce su ma haka uwayensu suka koya musu. Kin kawo mata kaji biyu da cikinki, ba za ta mayar miki da kwano da adas ba, shi ya sa ta jira azumi ya wuce."

Umm Mina ta juya wajen Malam, wanda ke tsaye yana kallon naman, ta ɗaga masa yatsa.

"Ta ce, ya Ustaz, kada ka tsaya bincike. Wurin mahaucin layinku ta saya, da bismillarsa da komai."

Malam ya yi dariyar da na daɗe ban ji ba. Ya wanke hannu ya zauna a tabarma shi da Mina, suka sa hannu a samirar Inna tare. Ni ina bakin ƙofar kicin na kasa ci, sai kallo nake yi. Da baƙi suka tafi ya ɗauki waya ya fita baranda, ina jin sa yana gaya wa Yaya Bala an gode, Allah ya saka da alheri, amma a bar maganar tikiti. Ya dawo ya same ni ina wanke samira.

"Maman Fa'iza, me za ki zuba musu in za ki mayar?"

Haka muka ci gaba. Kwano ya tafi ya dawo, ya tafi ya dawo. Da namu azumin ya zo, Umm Mina ta riƙa aiko da abinci dab da magariba, ta ce ita ma ta koyi kai buɗa-baki, kuma ba ta taɓa fasa tsokanata da kukan kaza ba. Ita ta riƙe hannuna a asibiti ranar da aka haifi Husna. Katin nan shi ya riƙe gidanmu har kuɗin Malam suka dawo, ranar kuwa da suka dawo da kansa ya kai katin ya ce a ba wani. Ya gama karatunsa, muka dawo gida mu biyar, da takardarsa a jaka.

Ranar da za mu taso, samirata tana gidan Umm Mina, na kai mata alale ban karɓo ba. Muna loda kaya a bas ɗin Mina sai ga ta da gudu da tukunyarta ta alminiyon, cike da cincin ɗinsu na sallah, wai guzurin hanya. Na ce bari in juye in ba ta tukunyarta. Ta ce in juye in ba ta wayam? Ta tura ni cikin mota ta rufe ƙofa, tana kuka ina kuka.

To Husna, tukunyar da ke saman kabad ke nan, kuma da ita za ki tafi. Ki je Arba wa Nus, cocin ƙarshen layin, ki tambayi Umm Mina. In Allah ya yi ba ki same ta ba, ki nemi Mina direba ko 'ya'yansa, ki ce musu ke ce ta biyar ɗin da ta ƙirga. Kada ki kuskura ki kai tukunyar nan wayam. Kuma kafin ki zuba komai a ciki, ki tambaya ko suna azumi.